Ku Bar Mana Kiɗa Da Hayaniyarsa

Akwai wata ɓarna da ake yi wa kiɗan Hausa a 'yan shekarun nan, kuma abin takaicin shi ne masu yin ta gani suke gyara suke yi. Mutum zai samo tsohon kaset na wasan Shata ko Ɗanƙwairo ko Barmani Choge, wanda aka ɗauka a fili cikin taro, ya zuba shi a kwamfuta. Sai ya fille farkon, inda makaɗa ke gwada hannu kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ya cire muryar sanƙira, ya danne guɗar mata, ya datse waƙar minti 25 ta koma minti 4. Wani ma ba ya tsayawa nan, sai ya shimfiɗa mata fiyano a ƙasa. Daga nan ya sake ta a waya ya rubuta "tatacciya", jama'a su yi ta tura wa juna suna sa masa albarka. Tsohon kaset ɗin kuwa, tunda an ce an kwashe abin da ke ciki, sai a miƙa wa yara su zare zarensa su yi wasa. Garin neman gira ke nan ake rasa ido.

Ni ɗan Wad Haddad ne, a kudancin Jazira ta ƙasar Sudan, kan hanyar da ta tashi daga Madani ta nufi Sinnar. Aikina gabatar da shirin Hausa a rediyo, kuma aikin nan ya sa na zauna da kaset-kaset ɗin wasa fiye da yadda na zauna da wasu 'yan uwana na jini. Matsayina a kan wannan magana a fili yake. Kaset ɗin da aka ɗauka a wurin wasa, da ƙurarsa da ihunsa da ƙarar janaretansa, shi ne waƙar. Duk wanda ya wanke shi, ya ajiye wankakken, ya yar da na asalin, ya yi mana asarar da ba ta da madadi, ko da kuwa niyyarsa ta alheri ce.

Mu fara daga yadda waƙar baka take. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ba zama yake yi ya rubuta waƙa ya haddace ba. Manazarta suna raba irin waƙarsa gida biyu: gindin waƙa, wato abin da 'yan amshi ke maimaitawa, da ɗiyan waƙa, waɗanda mawaƙi ke jerowa a kai. Gindin ne ke zaune. Ɗiyan kuwa a nan take ake haihuwarsu, gwargwadon wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya ɓata wa mawaƙi rai da rana, da abin da ya faru a gari cikin makon. Shi ya sa Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Duk mai tara kaset ya san Shata ya rera ta a lokuta daban-daban, wannan ta fi waccan tsawo, wannan tana da ɗiyan da babu su a waccan. To wacce ce ta asali a ciki? Wanda ya zaɓi guda ya goge sauran, tamkar wanda ya ɗebo ruwa a tulu ne ya ce ga Kogin Nilu nan ya kawo mana, a je a rufe ragowar.

Sai mutum ya sake sauraro, ya kuma sakewa, sannan yake gane abin da ake cirewa. Ka jera kaset biyu na waƙa ɗaya ka ji. A ɗaya kalangu zai fara a hankali kamar mai tafiya da tsoho, domin taron bai cika ba tukuna. A ɗayan tun daga farko kiɗan a guje yake, alamar fili ya riga ya ɗau zafi kafin mai rikoda ya danna. Za ka ji inda mawaƙi ya yi shiru ya bar 'yan amshi suna juya gindi sau uku sau huɗu. Mai kwamfuta yana ganin wurin nan fanko ne sai ya yanke, alhali a nan ne mawaƙin ke kallon jama'a yana auna wa zai kama. Za ka ji sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan wanda ya iso da abin da ya bayar, kafin ka ƙifta ido sunan ya faɗa cikin waƙa. Idan ka cire sanƙira, ɗan waƙar da ya biyo baya ya zama amsa babu tambaya. Idan ka danne dariyar jama'a, habaicin ya mutu, domin ba za ka ƙara sanin cewa wanda ake yi da shi yana zaune a wurin yana muzurai ba.

Wannan ma'auni na minti 3 ko 4 da ake auna mana waƙa da shi, ba makaɗi ne ya kawo shi ba. Faifan garmaho ne, mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, wanda fuskarsa guda ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan kai. Dole mawaƙi ya matse abinsa ya shiga faifai. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fitar a 1963 shi ya kwance wannan dabaibayi, domin C90 yana ɗaukar minti 45 a kowace fuska. Daga nan talaka mai rikoda da batir ya samu damar ɗaukar wasa yadda ya gudana. Yau ga katin memori wanda zai haɗiye wasan darare da yawa bai ƙoshi ba, amma mu ne muka koma muna yanka waƙa daidai da faifan da kakanninmu suka daɗe da rabuwa da shi.

Bari in kawo misali daga nesa, daga mutanen da ba za a ce ba su san na'ura ba. A Amurka an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead. An kafa ta a Kalifoniya a 1965, ta tsaya a 1995 bayan mutuwar jagoranta Jerry Garcia, kuma a cikin shekara 30 ɗin nan sun yi wasa sama da 2,300. Irin makaɗan nan ne da ba sa maimaita dare. Waƙar da a faifai ba ta wuce 'yan mintoci ba, sai su ɗauko ta a dandali su saki jita da ganguna su yi ta jan ta har minti 20 ko fiye, gobe kuma su bi da ita wata hanya dabam. Masoyansu suka gane cewa faifan situdiyo inuwa ce kawai, sai suka riƙa shiga wurin wasa da rikoda. Maimakon a kore su, a 1984 ƙungiyar ta ware musu wuri na musamman inda za su kafa makirfo, bisa sharaɗin musaya za a yi da abin da aka ɗauka, banda sayarwa. Kowane kaset ana rubuta masa rana da wata da shekara da sunan zauren da aka yi wasan. Yau dubbansu suna nan a rumbun Internet Archive, mutum ya zaɓi daren da ya ga dama ya saurara. Wasan da suka yi ranar 8 ga Mayu 1977 a Jami'ar Cornell, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da shi kundin sautukan da ƙasar ke adanawa a 2012. A cikin masu tara kayan nan har akwai waɗanda suka fi son ɗaukan da aka yi daga tsakiyar 'yan kallo, saboda a nan ake jin zauren da mutanen cikinsa.

Kada a ce wannan al'adar Turawa ce, mu dawo kusa. Ummu Kulsum ta Masar tana yin wasa ranar Alhamis ta farkon wata, rediyon Alƙahira yana watsawa kai tsaye. Waƙa ɗaya takan kai awa, domin tana maimaita baiti sau da yawa, kowane da salonsa, jama'a suna roƙon ta sake. Ta zo Khartum a ƙarshen 1968. Waɗannan ɗauke-ɗauken, da tafinsu da kururuwarsu, su Larabawa ke saurara har gobe. A nan Jazira kuma muna da Mustafa Sid Ahmad, ɗan Wad Sulfab, wanda ya rasu a Doha cikin Janairun 1996. Kaso mai yawa na abin da ya bari a kaset-kaset ɗin zama ne da na hafla, wato taron wasa, sau da yawa daga shi sai udunsa, kuma haka masoyansa suka riƙa kwafa suna miƙa wa juna. Masoyan Mahmud Abdul'aziz, wanda ya rasu a 2013, waɗanda ake kira Hawwata, za su zauna su yi maka gardama a kan a wace hafla ya fi rera waƙa kaza. Maƙwabtanmu ne waɗannan, kasuwa ɗaya muke ci. Su ba su ji kunyar tafi da ihu a cikin waƙoƙinsu ba. Mu me ya same mu?

Hujjar farko da ake kawo mini ita ce sauti ba kyau. Na ji ta daga bakin wani babba a wata tasha da na taɓa aiki, ranar da na kawo wasa cikakke zan sa. Ya saurari minti ɗaya ya ce wannan ai kasuwa ce, in nemo mai tsabta. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana tsabtar sauti, kuma ban raina wannan ilimi ba. Rage shuuu ɗin kaset ba laifi ba ne, daidaita ƙarar da ta yi ƙasa ba laifi ba ne. Amma share ƙura daban, aske gemu daban. Yawancin manhajojin cire hayaniya da yara ke amfani da su yanzu an gina su ne domin su tsamo muryar mai magana su zubar da sauran. A wurinsu guɗa hayaniya ce, amon tsarkiyar kalangu ma hayaniya ne. Abin da ke fitowa daga ƙarshe murya ce tsirara tana iyo kamar a cikin randa. Wanda yake son irin wannan ya yi abinsa, amma ya yi shi a kan kwafi, ya bar na asali yadda ya same shi.

Hujja ta biyu ita ce tsawo. Wai mai sauraro ba shi da lokaci, ga tallace-tallace suna jira. Tashar da ke watsa ƙwallo minti 90 ba tare da kowa ya ce ta yi tsawo ba, ita ce za ta ce minti 25 na kalangu ya fi ƙarfinta? Manomin da ke tsaye a bakin tur'a yana jiran ruwa ya shiga hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a shirin noman Jazira, da direban da ke kan hanya daga Sinnar zuwa Damazin, da uwar da ke tuya kisra da rediyo a gefen murhu, wane ne a cikinsu ya aiko cewa yana sauri? A iya abin da na gani a shirina, duk ranar da na bar wasa ya tafi har ƙarshe, masu kira ba gajiya suke kawowa ba. Tambaya suke yi, a ina aka yi wannan, wace shekara ce. Wani dattijo ma yakan kira ya gyara mini sunan garin da aka ambata.

Hujja ta uku ta fi ciwo, domin daga bakin masu ilimi take fitowa. Wai abin da ake yankewa roƙo ne kawai, jerin sunayen attajirai da wane ya ba da kaza, ba adabi ba ne. A nan ne nake so 'yan uwanmu na Kano da Katsina da Maraɗi su ɗan saurare mu, domin mu a nan sunaye ba abin wasa ba ne.

Kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo wasu. Wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru, suka zo suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun Hausawa yana cikin hannuwan da suka ɗauki wannan aiki. Fiye da shekara 100 ke nan. Duk da haka har yau akan samu Bahaushen da a nan aka haifi kakansa, amma sai an tsare shi da tambayar daga ina ya zo. Rikicin Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, wanda ya raba dubban Hausawa da gidajensu, da maganar wa ke da ƙasa wa ke baƙo ya tashi.

Akwai wani kaset da gwaggona ta ajiye a ƙasan adaka, na bikin aure a wani ƙauyen Hausawa kusa da mu, cikin shekarun 1980. Makaɗin ba sananne ba ne, mai kalangu ne da ke tsinkar auduga da rana ya yi kiɗa da dare. Sautin ba shi da daɗin ji, ga iska tana kaɗa makirfo, ga jaki yana kuka daga nesa. Amma a cikin fuska ɗaya ta kaset ɗin ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wane ɗan wane, kakansu daga Haɗeja, waɗannan daga Katagum, waɗancan daga Damagaram. Yana Hausa yana tsoma Larabci, irin yadda iyayenmu ke yi. Ana jin tsofaffin mata suna amsawa da wata irin Hausa da ta fara ɓacewa a bakin yaranmu. Na zauna da gwaggo muka saurara, tana tsayar da ni tana cewa wannan muryar wance ce, Allah ya jiƙanta, wannan mai dariyar mijin wance ne. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Babu wata takarda a wani ofis da ta riƙe sunayen nan a jere, da asalinsu, da muryoyinsu. Da mai wanke kiɗa ya samu wannan kaset, da abin da zai bari gindin waƙa ne da kiɗa na minti 3, ya zubar da garin gaba ɗaya. Wannan shi ne roƙon da ake cewa ba adabi ba ne.

Ku dubi A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya, 'yar asalin Hausawa da aka haifa a Kassala. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyo Umdurman, a 1942, shekara biyu bayan buɗe tashar, kuma ta rasu a 1974. Daga gidajen biki ta fito kafin rediyo da faifai su san da ita. Abin da muke saurara nata a yau shi ne abin da ya shiga situdiyo. Dararen bikin da suka gina sunanta tun farko sun wuce kafin kaset ya zo, don haka babu mai laifi. Namu laifin zai fi girma, domin mu an ɗauka an ba mu a hannu, mu ne muke gogewa.

Kuma lokaci ba ya tare da mu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda babban rumbun sautin ƙasar nan yake, ya faɗa hannun dakarun RSF, sai a Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. Madani ta faɗi a Disambar 2023, ba a ƙwato ta ba sai Janairun 2025. A tsakanin nan mutanen garuruwanmu da ƙauyukanmu sun fita da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma ba wanda ke gudun ceton rai da kwalin kaset a ka. Waɗanda suka koma, wasu sun tarar da ɗakuna a buɗe, adaka a kife. Wanda ya tsira daga masu bindiga yana fama da zafi, domin a ƙasar da rana ke wuce digiri 40 zaren kaset manne wa juna yake yi, sautin ya dusashe. Mun daɗe muna jingina da cewa ai akwai a rumbun gwamnati. Yanzu mun ga cewa rumbun gwamnati ma gini ne, ana iya shigarsa da bindiga. Abin da ke hana sauti ɓacewa shi ne ya kasance a hannu da yawa, a garuruwa da yawa, kuma cikakke.

Na san za a ce mutane na neman abin da za su ci, ni ina maganar kaset. Gaskiya ne yunwa ta fi gaggawa, kuma ban ce a sayar da buhun dawa a sayi rikoda ba. Amma aikin da nake kira a yi ba ya cin kuɗin abinci. Abin da yake nema shi ne mutum ya ɗaga hannunsa daga gogewa. Ranar da aka ƙoshi, kuma in Allah ya so za a ƙoshi, yaran da aka haifa a sansanin gudun hijira za su tambayi yadda garinsu yake kafin yaƙi. A lokacin muryar kakarsu tana guɗa a bikin wani za ta fi kowane jawabi amsa musu.

Akwai kuma masu cewa mai ɗaukar wasa da rikoda ɓarawo ne. Ba na musun cewa masu kwafar kaset su sayar sun ci gumin mawaƙa da yawa, a Kano da Umdurman duka, wasu mawaƙan sun mutu ba su da komai alhali muryarsu tana tashi a kowace tasha. Wannan zalunci ne. Amma maganinsa a biya magada, ba a ƙona kaset ba. Tashar da ta sa wasan marigayi ta karɓi kuɗin talla a kai, da mai shafin YouTube da ke samun kuɗi da muryar wani, su ne ya kamata a kama da hakkin iyalinsa. Abin mamaki ma, masu wanke kiɗa su suka fi kowa shiga wannan hakki, domin su ne ke manna sunansu da lambar wayarsu a tsakiyar waƙar da ba su san daren da aka yi ta ba.

Ga matasa masu fiyano da situdiyo, ba yaƙi nake yi da sana'arku ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ku ɗauki salon da kuke so ku gina naku, ku sa sunanku a kai, ku faɗi inda kuka ɗauko. Amma ina da tambaya guda. Bikin yau, mawaƙi zai zo da filashi a aljihu, a danna masa, shi kuma ya riƙe makirfo yana motsa baki a kan muryar da aka gyara masa a kwamfuta. Daren Juma'a a Madani da daren Asabar a Sinnar duk abu ɗaya ne, babu ɗan waƙar da aka haifa a fili. Nan da shekara 30, idan 'ya'yanku suka ce za su sake sauraron wasanku, me za su saurara wanda babu shi a filashin? Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da suka faɗi haka bakin yana buɗe ne yana rerawa a gaban jama'a.

Ga abin da nake roƙon duk mai tsohon kaset a gida. Da farko ka karya 'yan haƙoran nan biyu da ke saman kaset ɗin, domin kada wani ya danna ɗauka ya shafe abin da ke ciki. Ka raba shi da rana da kusa da lasifika, saboda maganaɗisun lasifika yana ɓata zare. Kafin ka sa shi a rikoda, ka juya shi da biro ka ga ko zaren yana tafiya, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko yana nan, sannan ka gwada rikodar da wani kaset da ba ka damu da shi ba, kada ta tauna maka mai daraja. Waya guda daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa kwamfuta ta isa, kuma akwai manhajar kyauta mai suna Audacity da ke ɗauka. Ka ɗauki fuskar gaba ɗaya, daga danna farko zuwa inda zare ya ƙare, kada ka yanke ko tari. Ka ajiye a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. C90 guda bai kai gigabait ɗaya ba, katin memori mai gigabait 32 zai ɗauki sama da kaset 30. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, kada ka kara waya a bakin lasifika ka ɗauki saƙon murya.

Sai abu mafi muhimmanci, wanda ba ya bukatar lantarki. Ka ɗauki hoton bangon kaset ɗin da duk rubutun da ke jiki. Ka zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidanku ku saurara tare, ka rubuta a takarda wane gari ne, bikin wa, wace shekara ko zamanin wane sarki ko wace ambaliya, wa ke kiɗa, muryar wa ce waccan. Kaset marar suna maraya ne, kuma masu iya raɗa masa suna kullum raguwa suke yi. Daga nan ka yi kwafi uku, ɗaya a wurinka, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari, ɗaya wurin wanda ke wata ƙasa, ko Jidda ko Kano ko Injamena.

Ku kuma abokan aikina na gidajen rediyo, daga nan har Kaduna da Damagaram, ku ba wasa cikakke ko rabin awa ne a mako. Ku faɗi inda aka ɗauka in kun sani, in ba ku sani ba ku tambayi masu sauraro, za ku sha mamakin abin da tsofaffi ke riƙe da shi a ka. Mai kwamfuta kuma, Allah ya yi wa hannunka albarka, ka yi tatacciyarka ka saurara a motarka. Amma kafin ka taɓa komai, ka ajiye mana wasan yadda ya zo, da sanƙiransa da guɗarsa da jakin da ke kuka a bayan fili, ka rubuta masa suna.